"Ba komai oga": yadda maigida da yaran aiki za su riƙa magana tun kafin ta ɓaci

Saura kwana tara ƙaramar sallah babban telana ya tafi. Ba faɗa, ba zagi, ba ko sallama. Da safe na shigo shago na tarar da kekensa a lulluɓe da ƙyalle kamar kullum, almakashinsa ne kawai babu, kuma duk wanda ya san tela ya san in almakashi ya bar shago toh mai shi ma ya yi gaba. Na kira waya tana ta ringin ba a ɗauka. Na tambayi sauran yaran kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da zare, sai can ƙaramin cikinsu yace "oga ai tun shekaranjiya yake kwashe kayansa kaɗan kaɗan". Tun shekaranjiya fa! Kowa a shagon ya sani sai ni mai shago. Ga ɗinkin mutane jibge a kan tebur, kala arba'in da wani abu, kuma rabinsu shi kaɗai ke iya fitar musu da wuya yadda masu su ke so.

Abin da ya kore shi kuwa ni na jawo. Wata biyu kafin nan an ƙona shaddar wani Alhaji da dutsen guga, shadda mai tsadar gaske, na biya mai ita, sai na fara cire kuɗin a hankali daga kasonsa tunda a hannunsa aikin yake, ban zaunar da shi ba ban tambaye shi ya akai ba. Ranar farko da ya ƙirga kuɗinsa ya ga bai cika ba ya ɗago ya dube ni, nace "ka san maganar shaddar nan", yace "ba komai oga". Ni a wajena magana ta ƙare. Ashe ba ma shi ya ƙona ba, wani yaro ne mai koyo, shi kuma ya rufa masa asiri don kar in kore shi.

Shagona yana Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci, kuma kafin in buɗe nawa sai da na yi shekara bakwai ina yaron wani, don haka na zauna a kujerun biyu. Abin da zan faɗa ba na teloli kaɗai ba ne, mai walda a Panteka, mai gidan biredi a Kawo, mai gidan ruwan leda, Hajiya mai gidan abinci, mai makarantar kuɗi a Unguwar Rimi, duk ciwon ɗaya ne: oga na ganin ya yi magana, yaro na ganin ba a faɗa masa komai ba, kowa na cin kowa a zuci har ranar da za ta fashe.

Fara da koyon Hausar yaranka

Mu an rene mu da kunya da kawaici. Yaro ba ya kallon idon babba, ba ya ce masa a'a, ba ya musu da shi ko da shi ke da gaskiya. A gida wannan tarbiyya ce mai kyau, amma a wajen aiki ita ce ke rufe wa maigida ido. "Toh" ba ta nufin na yarda, tana nufin na ji bakinka ya motsa. "In sha Allahu zai fita gobe" wani lokaci ma'anarta ko an kwana ana yi ba zai fita ba amma bazan iya faɗa maka ba. "Ba komai" kuwa, in ka ji ta a kan maganar kuɗi, wallahi akwai komai. Mu ma iyayen gida muna da tamu: "zan gani", "za mu yi magana", "kai dai ka ƙara haƙuri", da babbar cikinsu "ai kai ɗan gida ne", wadda yawanci fassararta ita ce ba za a biya ka kamar bare ba kuma ba ka da bakin tambaya.

Tunda ka san haka, daina tambayar da za a amsa maka da "babu". In kace "akwai matsala?" amsar babu ce ko da shagon na ci da wuta. Tambayi abin da dole sai an buɗe baki: nawa ka kashe a mota yau? wane keke ne ya fi ba ka wahala? cikin kayan nan guda shida wanne kake ganin ba zai fita ran Alhamis ba? Kaga wannan ta ƙarshen ta riga ta ba shi izinin cewa wani ba zai fita ba, bai yi maka rashin kunya ba, kai ka tambaya.

Haka in ka ba da aiki, kar ka tsaya a "ka gane?" don zai ce eh. Ce masa "toh maimaita min me za ka yi". Farkon da na fara haka yaran sun ɗauka raina musu hankali nake, amma a satin farko na kama hannun riga da za a yanke gajere alhali dogo mai links aka ce, daga nan su da kansu suka fara maimaitawa ba sai nace ba.

Akwai wani yarona da ke zuwa daga Rigasa. Bayan an cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 sai ya fara makara, wanda da ƙarfe takwas yana shago ya koma tara da rabi, goma saura. Kullum in yi masa faɗa, kullum yace "ka yi haƙuri oga". Na kusa sallamarsa. Wata rana na fito da wuri a mashin sai na hango shi yana tafe a ƙasa gefen titi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, takalminsa duk jar ƙasa. Kuɗin motar da nake ba shi tun kafin tashin mai, yanzu rabin hanya yake kai shi, sauran a ƙafa yake ƙarasawa, kusan wata biyu, bai taɓa faɗa ba. Na ɗauko shi a baya, har muka iso ba wanda ya ce uffan, ni kunya ce ta hana ni. Da tun ranar farko na tambaye shi nawa ne mota daga Rigasa yanzu, da minti ɗaya ya ishe mu.

Maganar kuɗi ran farko, kuma a rubuce

Nan ne mafi yawan rigima take kwana. Ana kawo maka yaro, babansa ko kawunsa yace "ga ɗanka nan Alhaji", kai kuma kace "Allah ya ba mu ikon riƙewa", a shafa fatiha a watse, ba wanda ya ambaci nawa, yaushe, shekara nawa, da me za a sallame shi. Kowa na jin nauyi. Bayan shekara biyar shi yana lissafin za a buɗe masa shago da keke biyu, kai kana lissafin ai ka koya masa sana'a ka ciyar da shi ya ishe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da aka kawo shi ita ce ranar maganar.

Ba sai ka nemi lauya ba. Littafi ɗan makaranta ya isa, kowane ma'aikaci da shafinsa. A rubuta nawa ne kuma ta yaya ake lissafawa, albashin wata ne, na sati ne, ko kowace riga da kuɗinta. Wace rana ake biya, ranar takamaimai ba "ƙarshen wata" ba don ƙarshen watan wani oga yakan kai 12 ga wata mai zuwa. Kuɗin abinci da na mota suna ciki ko daban. Ƙarfe nawa ake buɗewa ake tashi. In an kwana aiki lokacin sallah me ake ƙarawa. In ya karɓi kafin alƙalami yaya za a riƙa cirewa. In aka ɓata kayan kwastoma wa zai biya kuma kashi nawa. Ku sa hannu ku biyu, wanda ya kawo shi ya zama shaida, ya ɗauki hoton shafin a wayarsa. In ba ya karatun boko a rubuta da ajami ko a karanta masa a gaban shaidar.

Wasu za su ce wannan ai rashin yarda ne, Bature ne ya kawo. Toh ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma haƙƙin ma'aikacin da bai shiga hannunsa ba ai bashi ne a wuyanka. Dokar ƙwadago ta ƙasa ma haka tace, a sashe na 7, kafin ma'aikaci ya cika wata uku dole a ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, kuɗinsa da yadda ake lissafa shi, lokutan aiki, hutu, da yadda za a rabu in ta kama. Mu da yawa ba mu ma san da ita ba. Sannan tunda mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024 za ka ji yaro yana ƙunƙuni wai ana cin haƙƙinsa, alhali dokar mafi ƙarancin albashin ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko biyan kowane aiki da kuɗinsa. Gara ka zaunar da shi ka bayyana masa wannan da bakinka, ka kuma faɗa masa abin da za ka iya, da ya je ya jiyo rabin magana a majalisar mai shayi. Kuma cewa doka ba ta tilasta maka ba baya nufin kuɗin da kake bayarwa yana isar mutum, kai ma kana zuwa kasuwa ka san farashin mudun shinkafa.

Babana ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri lokacin da Kaduna ke Kaduna. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles) ta fara aiki tun 1957, aka rufe ta a 2002, kuma hedkwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan garin take, Adams Oshiomhole ma daga Arewa Textiles ya taso. Har ya rasu takardun albashinsa na nan a cikin wani tsohon gwangwanin madara, kowane wata da abin da aka biya da abin da aka cire. Ba wai can aljanna ba ce, amma kowane sashe akwai wakilin ma'aikata, akwai allon sanarwa a bakin ƙofa, mutum ya san inda zai kai kuka. Da masaƙu suka mutu aiki ya dawo ƙananan shaguna irin namu, inda mutum ɗaya shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne alƙali, kuma shi ake ƙara. Duk wanda ke Kaduna a Mayun 2021 ya ga yadda ake yi in magana ta tsaya tsakanin mai ba da aiki da ma'aikata, ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aikin gargaɗi, wuta ta ɗauke, jirgin ƙasa ya tsaya, sai da gwamnatin tarayya ta kira zama aka janye a rana ta uku. Yaron shago ba shi da ƙungiyar da za ta rufe gari. Nasa yajin aikin shi ne jan ƙafa, ɗinki a karkace, karɓar aikin kwastomanka ta bayan fage, ko ya kwashe almakashinsa saura kwana tara sallah.

Zaman Asabar

Tun bayan tafiyar babban telan nan na sa mana zama duk Asabar da safe kafin a tada janareto, minti goma sha biyar zuwa ashirin, da shayi da biredi ko ƙosai, a tsaye ma ake yi wani lokacin. Kar ka kira shi mitin, da ka ce mitin kowa zai ɗaure fuska ya ɗauka wani za a kora.

Yadda nake yi, ni nake fara faɗin abin da ke gabanmu a satin, kaya nawa, na wa ya fi gaggawa, wa zai yi me. Sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma daga ƙarami nake farawa, don in babba ya riga ya ce "komai lafiya" ba yaron da zai iya buɗe baki bayansa. Kowa sai ya faɗi abu ɗaya da ya ba shi wahala a satin da ya wuce, ba a yarda da "babu" ba. Sati uku na farko abin dariya suka riƙa kawowa, wai allura ta ƙare, wai fanka na ƙara. Kar ka raina wannan, gwada ka suke. Na sayo allura ran nan, na kira mai gyara ya duba fanka. Da suka ga abin da aka faɗa ana yi, a sati na huɗu sai ga babbar magana ta fito: ashe ƙanina da nake bari a shago in na fita yana karɓar ɗinkin abokansa ya sa a gaba ya ce a ajiye na kwastoma, in aiki ya makara kuma su nake wa faɗa.

Wannan ma darasi ne mai zaman kansa. Wuri ɗaya oga ɗaya. In matarka, ƙaninka ko babban yaronka za su ba da umarni, faɗa wa kowa a fili wa ke da iko a kan me, in ba haka ba yaro zai tsaya tsakanin oda biyu, duk wadda ya bi ya yi laifi.

Abu mafi wuya a zaman nan shi ne riƙe bakinka. Za a faɗi abin da zai sosa maka rai, za ka ji kamar ka ce "ni za ka gaya wa, ka san nawa nake biyan haya?" In ka faɗa sau ɗaya shikenan ka rufe ƙofar, wata shida ba za ka sake jin gaskiya ba. Ce "na ji, ba ni zuwa Talata", kuma ran Talata ka dawo da amsa ko da a'a ce. A'a mai dalili ta fi "zan gani" sau dubu, don mai a'a ya san inda ya tsaya, mai zan gani kullum yana jira yana ƙullata.

Kuma ka lura da wanda ba zai taɓa magana a taro ba. Akwai wata baiwar Allah da ke mana aikin duwatsu da kwalliyar kayan mata, daga Sabon Tasha take zuwa, a zama ba ta cewa komai sai murmushi. Sai da na tambaye ta a gefe, a bakin shago inda kowa ke ganinmu amma ba ya jin mu, sannan tace aikin ranar Lahadi da nake sawa lokacin sallah yana hana ta zuwa coci. Ni ko a raina ban kawo ba. Yanzu a littafi yake, Juma'a daga sha biyu zuwa biyu da rabi ba aiki, ita kuma Lahadi tata ce, kuma satin Kirsimeti ana lissafa mata shi kamar yadda ake lissafa mana na sallah. A Kaduna in kana da ma'aikata fiye da biyar da wuya ace duk addininku ɗaya ko yarenku ɗaya, tambaya ita ce kawai maganin.

Guruf ɗin WhatsApp yana da amfani amma ba don komai ba. Sanarwa, hoton awo, hoton yadi da sunan mai shi, ranar karɓa, nan ya fi ƙarfi don gobe ba mai cewa ba a faɗa masa ba. Faɗa kuwa kar ka kuskura ka yi shi a guruf. Saƙon murya na minti bakwai da ƙarfe sha ɗayan dare kana zazzaga wa mutum ɗaya masifa mutum tara na saurare, da safe kai ka huce shi kuma an gama tura wa abokai. Kuma ka tuna ba kowa ke da data kullum ba, in abu na da muhimmanci ka kira ko ka faɗa baki da baki.

In an yi laifi

Kar ka yi faɗa a gaban kwastoma. Na san daɗin da ke ciki, Hajiya na tsaye tana huci kai kuma kana so ta ga ba laifinka ba ne sai ka juya kan yaro. Ita za ta tafi ta manta, shi ba zai manta ba. Ba ta haƙuri da sunan shago, in ta tafi ka ja shi gefe. Fara da "ya akai?" ka yi shiru har ya gama, ko da kana ganin ka san amsar, ni ma ai na ɗauka na san wanda ya ƙona shadda. Sannan ka yi magana a kan aikin: wuyan nan ya karkace, ga inda ya kamata ya zauna. Ban da "kai dama ba ka da hankali", ban da ambaton iyaye ko garinsu ko ƙabilarsu. Kuma kar ka yi zagin kasuwa, kana faɗa sama sama wai "wasu mutane a shagon nan", kowa ya tsargu, mai laifin kuma ya nuna ba da shi ake ba.

Yanke kuɗi kuwa, kar ma'aikaci ya fara sanin an yanke masa a lokacin da yake ƙirgawa ko da alat ya shigo. A zauna tukuna, a yarda nawa ne, a wata nawa za a cire, a rubuta a shafinsa. Dokar ƙwadago a sashe na 5 ta hana cin ma'aikaci tara daga albashinsa, ko asara ya jawo da sakaci sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma duk abin da za a cire a wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ko ba ka taɓa ganin jami'in ƙwadago ba, riƙe wannan kashi ɗaya cikin ukun, mutum na da iyali.

Sai mai kawo gulma. Kowane shago akwai shi, ɗan gaban goshi mai zuwa da "oga ba don in haɗa ku ba amma...". In ka saba saurarensa sauran za su gane, daga nan ba mai sake magana a gabansa balle a gabanka. Ce masa "kira shi mu ji tare". Sau biyu za ka yi haka ya daina.

In kuɗi ba za su fito a kan lokaci ba, faɗa tun da wuri. Hadisi yace a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, amma kasuwa takan tsaya, kowa ya tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da tiransifa ke maƙalewa kwana da kwanaki. Abin da ke ɓata rai ba jinkirin ba ne kaɗai, ɓuyan ne: oga ya daina zama a shago, waya a kashe, in an haɗu ya haɗe rai don kar a tambaye shi. Tara su kace "kuɗin wata ba zai cika ran 30 ba, zan ba kowa rabi, sauran ran 7". Mutum zai iya zuwa ya lallaɓa mai gidan haya da mai shagon unguwa in ya san rana. Amma fa kar ka ce babu kuɗi gobe a gan ka da sabuwar waya.

Ku kuma ma'aikata

Na yi yaron shago, na san yadda zuciya ke bugawa in za ka tunkari oga da maganar ƙari. Nawa ogan sai da na yi wata huɗu ina shirya magana, ranar da na samu ƙarfin hali kuma na tare shi daidai lokacin da janareto ya lalace kwastoma na masa ihu, kun san amsar da na samu. Zaɓi lokaci. Bayan an fitar da babban aiki lafiya, ko bayan la'asar in shago ya lafa. Ka nemi izini tukuna, "oga in ka samu sarari ina so mu yi wata 'yar magana", kar ka faɗo masa da ita a tsakiyar mutane.

In kun zauna, zo da lissafi ba da ƙorafi ba. "Yallaɓai mota daga gida zuwa nan da dawowa kaza ce yanzu, abinci kaza, abin da ke saura min a wata kaza, ina roƙon a duba min" ya fi "wallahi abubuwa sun yi tsada" don wannan shi ma ya sani. Faɗi adadin da kake so da bakinka. In yace zai gani, cikin ladabi kace "toh oga yaushe zan tuna maka?" Ka samu rana.

In ba ka gane aiki ba ka tambaya kafin ka sa almakashi, kunyar minti ɗaya ta fi biyan yadi biyar. In ka ɓata abu ka riga kowa faɗa. In ba za ka zo ba ka kira tun da safe, ba sai azahar ba a ji wayarka a kashe, gobe kazo da labarin rasuwar da ba a yi ba. Ka riƙe naka lissafin a waya ko takarda, me ka ɗinka, me ka karɓa. Kuma don Allah in abu ya yi maka ciwo daina cewa ba komai. Akwai hanyar faɗa ba tare da rashin kunya ba: "oga na ji, amma akwai abin da ban gane ba a lissafin nan". In bakinka ba zai iya ba, ai muna da hanya tun ta iyaye, nemi wanda ya kawo ka, ko wani dattijo a layin, ko shugaban ƙungiyar sana'arku ya shiga tsakani. In haƙƙi ne mai yawa aka danne kuma sulhu ya ƙi, akwai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa da ke da reshe a nan Kaduna, sai dai can ɗin takarda za a fara tambayarka, kaga amfanin hoton shafin nan.

Rabuwa ma magana ce. Sashe na 11 na dokar ƙwadago ya tsara sanarwar da kowane ɓangare zai bayar: kwana ɗaya in aikin bai wuce wata uku ba, sati ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, sati biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda in an kai shekara biyar, kuma daga sati ɗaya zuwa sama a rubuce ake yi. Wannan ya hau kan oga mai cewa "daga gobe kar in sake ganinka", ya hau kan yaro mai ɓacewa ana tsakiyar aiki. Kuma maigida, in mutum zai tafi ka biya shi cas, sannan ka tambaye shi me ya sa, don mai tafiya ya fi kowa faɗin gaskiya tunda ba abin da zai rasa.

Ni sai bayan kusan shekara na samu nawa amsar. Mun haɗu da tsohon telan nawa a wajen ɗaurin aure a Unguwar Sanusi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, na ja shi gefe nace don Allah me na yi maka. Nan ya ba ni labarin shaddar da yaron. Nace me ya hana ka faɗa min, yace "oga ai ba ka tambaya ba". Na lissafa abin da na cire masa na tura masa a daren, ya turo min da saƙo wai Allah ya saka, amma bai dawo ba, ya riga ya buɗe nasa a Badarawa da keke uku. Yaron da ya ƙona shaddar kuwa har yanzu yana wajena, shi ke yanka yanzu, kuma ran Asabar ɗin da ta wuce shi ya kawo ƙarar cewa sabon dutsen gugar da na sayo yana zafi fiye da kima.